Jirgi Ma Yana Cin Bashi

A kowace babbar tashar jiragen ruwa, ko Singafo ce ko Rotterdam, ko Fujaira ko Apapa, akwai wani ciniki da ake yi dare da rana wanda in ɗan kasuwar kan tudu ya tsaya ya dube shi da kyau sai ya riƙe baki. Jirgi zai shigo ɗauke da tutar Panama ko Laberiya, kamfanin da ya mallake shi yana da rajista a wani tsibiri, masu juya shi suna zaune a Girka, ma'aikatan cikinsa kuma 'yan Filifin ne da 'yan Indiya. Duk garin babu wanda ya taɓa ganin mai shi. Amma kafin a gama sauke kaya an ɗura masa mai, an cika masa tankunan ruwan sha, an hau masa da buhunan shinkafa da dankali da albasa, da katan-katan na kaji, da igiya da fenti da kayan gyaran inji. Ƙaramin jirgin da ke jan manya ya jawo shi bakin tasha, mai walda ya liƙe masa inda ke yoyo. Idan an kammala, kyaftin ko babban injiniya ya sa hannu a rasit, ya danna hatimin jirgi, a kwance igiyoyi, jirgi ya nausa cikin teku. Ko sisin kwabo ba a karɓa ba. A al'adar wannan kasuwa, yawanci sai bayan kwana 30 ake sa ran kuɗi.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Babban jirgin kwantena yana iya ƙone fiye da tan 100 na mai a rana guda, saboda haka ɗuri ɗaya kan ci dubban ɗaruruwan daloli, wani lokaci ya haura miliyan. Singafo kaɗai tana sayar wa jiragen ruwa sama da tan miliyan 50 na mai a shekara. To me ke sa mutum ya juye dukiyarsa cikin abin da zai bar ƙasar gobe da asuba, wanda wataƙila ba zai waiwayo ba sai baɗi, ko ma ba zai sake dawowa ba sam? Masu wannan sana'a ba su fi kowa tawakkali ba. Wata tsohuwar ƙa'ida ce ta dokar teku suka dogara da ita: wanda ya yi wa jirgi hidima, jirgin da kansa yake bi bashi.

Mu da muka tashi nesa da teku, hanyar da muka sani ita ce ta bakanike. Ya gyara maka mota, ka ce yau babu, sai ya zare makulli ya jefa a aljihu, mota ta kwana a gareji har ka kawo. Ƙarfinsa duka yana cikin riƙon nan. Ranar da ya yi maka kara ya bari ka fita da ita, ya koma mai bin bashi kamar kowa, sai aike da magiya. Wannan dabara ba ta aiki a kan jirgi. Jirgin da ke ɗaure a tasha ba ya kawo ko anini, ci kawai yake yi, kuma kuɗin da za a biya mai man da mai gyaran suna can ƙarshen tafiyar da bai riga ya yi ba. In an riƙe shi, an toshe ƙofar biyan. Sai masu doka suka raba gardama: a sake shi ya tafi, amma bashin ya hau tare da shi, ya manne a jikin ƙarfen, duk tashar da ya shiga a iya tsare shi a kai.

Wannan haƙƙi ba a rubuta shi a wata rajista da mai son sayen jirgi zai je ya duba. Ba a zaman ƙulla shi kamar jingina, ba a kiran shaidu. Da hidimar ta auku ya wanzu, kuma ba ya faɗuwa don jirgi ya sauya hannu. Alƙalan Ingila sun tabbatar da haka tun tsakiyar ƙarni na 19, a shari'ar wani jirgi mai suna Bold Buccleugh da ya yi karo da wani jirgin a kogin Humber a 1848. An sayar da shi bayan haɗarin, ya dawo tashar Hull a hannun sabon mai shi, aka kama shi. Mutumin ya ce shi bai san hawa ba, bai san sauka ba. Duk da haka aka yanke cewa haƙƙin waɗanda aka yi wa ɓarna yana bin jirgin duk hannun da ya shiga. Shi ya sa har yau mai sayen tsohon jirgi ba ya barci da ido biyu rufe sai mai sayarwa ya rubuta masa cewa duk wani tsohon bashi da ya ɓullo, a wuyansa yake.

Tushen abin yana zamanin da babu waya. Kyaftin ya isa wani gari da jirgi a farfashe, guzuri ya ƙare, masu jirgin suna can nisan tafiyar watanni, wasiƙa ba za ta je ta dawo ba kafin yunwa ta kashe mutane. Ba shi da dangi a garin, ba shi da mai tsaya masa. Abin da ke hannunsa kawai shi ne jirgin. Dokokin Oleron, wani tsibiri a gaɓar Faransa, waɗanda aka tattara wajen ƙarni na 12, sun hana kyaftin sayar da jirgi ba da izinin masu shi ba, amma sun yarje masa ya jinginar da wasu kayan aikin jirgin in buƙata ta kama, bayan ya shawarci abokan tafiyarsa. Akwai ma wani rance da kyaftin kan ci da sunan gangar jikin jirgin: in an isa lafiya a biya da riba mai tsoka, in jirgi ya nutse bashi ya bi shi ƙasan ruwa.

Yau ana iya kiran mai jirgi cikin daƙiƙa, sai dai gano ko shi wane ne ya fi da wuya. Attajiri mai jirage 20 kan buɗe kamfani 20, kowane kamfani jirgi ɗaya tal ya mallaka, ofishinsa kuma bai wuce adireshin wani lauya ba. Panama da Laberiya da Tsibiran Marshal, su uku kaɗai, tutarsu na kan sama da kashi 40 cikin 100 na nauyin jiragen dakon duniya, alhali masu jiragen ba can suke zaune ba. Mai sayar da albasa a tasha ba shi da halin bin wannan sarƙaƙiya. Abin da idonsa ke gani shi ne ƙarfe mai suna a goshi da lamba a jiki, kuma a kansa yake rubuta rasit.

Don haka in ka buɗe kundin shari'o'in teku a Amurka ko Ingila, za ka tarar da sunan jirgi zaune daram a gurbin wanda ake ƙara. Kamun kansa ba shi da wani armashi. Babu sarƙa, babu soja. Lauya ya shigar da takarda, alƙali ya sa hannu, wani lokaci cikin awoyi kaɗan, jami'in kotu ya hau tsani ya nufi ɗakin tuƙi ya manna takardar a gilashin taga. A zamanin jiragen da iska ke korawa, a jikin doguwar sandar tsakiyar jirgi ake kafe ta. Daga wannan lokaci hukumar tasha ba za ta ba da izinin fita ba, jagoran da ke fitar da jirage ba zai hau ba, masu ja ba za su zo ba. Ƙarfe mai tsawon mita 300 ya tsaya cak saboda falle ɗaya da aka liƙa da salatif.

Wanda ya raina wannan falle ya tambayi fasinjojin Crystal Symphony. Jirgin shaƙatawa ne na masu hannu da shuni, wanda ya kamata ya sauke mutanensa a Miami ranar 22 ga Janairun 2022. Ana saura kwanaki kaɗan, wani alƙalin tarayya a birnin ya ba da umarnin a kama shi da zarar ya shigo ruwan Amurka. Mai ƙarar wani kamfanin mai ne, Peninsula Petroleum Far East, da ke bin jirgin dala miliyan 1.2, cikin jimillar miliyan 4.6 da yake bin kamfanonin gidan masu jirgin. Uwar kamfanin da ke da jirgin, Genting Hong Kong, ta riga ta durƙushe bayan annobar korona. Sai jirgi ya karkata akala zuwa Bimini a ƙasar Bahamas, aka kwaso fasinjoji a jirgin fito zuwa Florida. Gudun bai yi nisa ba. A farkon Fabrairu aka kama shi tare da ɗan'uwansa Crystal Serenity a kusa da Freeport, kuma a watan Yuni aka yi gwanjonsu ta hannun kotun Bahamas, ɗaya dala miliyan 25, ɗaya miliyan 103.

Galibin kamu ba ya kaiwa ga gwanjo. Kowace rana ta tsayuwa asara ce ta dubban daloli, ga 'yan kasuwa masu kaya suna kira, ga wanda ya yi shatar jirgin yana barazanar daina biyan haya. Sai mai jirgi ya garzaya ya ajiye kuɗi a kotu, ko ya kawo takardar lamunin banki, a ɓamɓare takardar gilashi, jirgi ya wuce, shari'a ta ci gaba a kan abin da aka ajiye. Sau da yawa ma wasiƙar lauya kaɗai ta isa ta tono kuɗin da aka shafe watanni ana cewa babu. Kuma ɓuya ta yi wuya yanzu, domin kowane babban jirgi yana da na'urar da ke watsa sunansa da inda yake da inda ya dosa. Mai bin bashi yana zaune gaban kwamfuta yana kallon ɗigon jirgin yana tafiya a kan taswira, yana jiran ya shiga ƙasar da dokarta ta fi yi masa daɗi.

Jiran nan yana da dalili, don ba kowace ƙasa ce ke ba mai kawo kaya wannan gata ba. Amurka ce ta fi sakin hannu. Tun 1910 ta yi dokar da ta ce duk wanda ya ba jirgi abin da yake buƙata, gyara ne ko kaya ko ja ko wurin ɗaga shi a duba ƙasansa, bisa umarnin mai shi ko wanda ke da ikon yin oda a madadinsa, to yana da haƙƙi a jikin jirgin. Ingila ba ta yarda da haka ba. A wurinta haƙƙin da ke manne wa jirgi na mutane ƙalilan ne: ma'aikatan da ba a biya albashi ba, kyaftin da ya kashe kuɗinsa a kan jirgi, waɗanda suka ceto shi daga halaka, da waɗanda ya yi wa ɓarna. Mai sayar da mai ko abinci yana iya sa a kama jirgi, amma sai in wanda ya ci bashin yana nan riƙe da shi lokacin shigar da ƙara, kuma in an zo rabo yana bayan bankin da ke da jingina. Yarjejeniyar duniya da aka ƙulla a Jeneba a 1993 ta lissafa nau'i 5 na irin wannan haƙƙi, ta ba su wa'adin shekara ɗaya, ba ta kuma sa masu kawo kaya a ciki ba. Najeriya, a dokarta ta shari'ar teku ta 1991, sawun Ingila ta bi, ta kuma damƙa irin waɗannan ƙararraki a hannun Babbar Kotun Tarayya.

Kamfanin gyaran jirage na Todd da ke Brooklyn a birnin New York a wancan zamani ya ɗanɗana bambancin nan ta fuska biyu. Ya gyara wani jirgi mai suna Ioannis Daskalelis, ba a biya ba, aka kama jirgin a Kanada, Kotun Ƙolin ƙasar ta ce tunda a Amurka aka yi aikin, haƙƙin da dokar Amurka ta ba mai gyara yana nan, ya riga mai jingina. A 1974 kamfanin ya gyara wani jirgin, Halcyon Isle, shi ma ba a biya ba, aka kama shi a Singafo, aka sayar, kuɗin bai isa kowa ba. Shari'a ta kai Landan, inda a 1980 alƙalai 3 cikin 5 suka ce dokar wurin da aka kama jirgi ita ke tsara layi, don haka banki ya sha gaba. Ma'aikata ɗaya, irin aiki ɗaya, irin bashi ɗaya, amma tashar da jirgi ya yada zango ita ta raba mai samu da mai rasawa.

Daga nan ne ƙaramin rasit ɗin da injiniya ke sa wa hannu ya zama filin daga. Sau da yawa ba mai jirgi ne ke sayen mai ba, wanda ya yi shatar jirgin ne. In ya tsere bai biya ba, mai jirgi ne zai wayi gari an kama masa dukiya a kan man da bai yi oda ba. Don haka masu jirage kan ba kyaftin wani hatimi na musamman ya riƙa dannawa a rasit, mai cewa wannan saye na ɗan shata ne, ba ya hawa kan jirgi. Masu mai su kuma suka cika bayan takardunsu da ƙananan rubutu: an ba da man ne bisa amincin jirgi, duk wani hatimi da aka buga bayan mai ya shiga tanki aikin banza ne, kuma dokar Amurka ce za ta yi hukunci ko a ina aka yi cinikin. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya yi aiki a shari'ar Harmony Container. Jirgin na Malesiya ne, ɗan shatar kamfanin Taiwan ne, mai sayar da man yana Singafo, a Busan ta Koriya ta Kudu aka ɗura. Ɗan shata ya karye, jirgi ya shigo Long Beach a Kaliforniya, aka kai shi ƙara, kuma a 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta ce haƙƙin mai man ya tabbata. Babu ɗigon man da ya taɓa Amurka, layi ɗaya a bayan takarda ne ya kai shari'ar can.

Idan aka kai ga gwanjo, sai a ga wani abin da ya saɓa wa hankalin kasuwa. Mun saba cewa wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, tsohon bashi shi ake fara biya. A teku sau da yawa akasin haka ne. Cikin masu ceto, wanda ya ceci jirgi a ƙarshe shi ke gaba. A Amurka, mai kayan da ya yi wa tafiyar baya-bayan nan hidima kan riga wanda ya yi wa ta bara. Hujjar a fili take: ba don na ƙarshen ya tsamo jirgin ko ya ba shi mai ba, da babu abin da na farkon zai samu ya kama. Ƙa'idar kuma tana zaburar da mai bin bashi kada ya kwanta, don duk tafiyar da jirgi ya ƙara, wasu sun shiga gabansa. Kafin kowa, ana cire abin da kotu ta kashe wajen gadin jirgin da sayar da shi. Ma'aikata suna sahun farko kusan a ko'ina, har alƙalan Amurka na ƙarni na 19 suka ɗauki albashin matuƙi a matsayin haƙƙin da ba ya barin jirgi muddin akwai sauran katako ɗaya a jikinsa. Gwanjon kotu kuma shi kaɗai ke wanke jirgi tas: mai saye ya tafi da shi babu bashin kowa, masu bin bashi su koma kan kuɗin da aka ajiye. Don kada wata ƙasa ta sake kama jirgin da aka riga aka wanke ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata yarjejeniya a 2022, aka fara sa mata hannu a Beijing a 2023.

Duk wannan tsari yana ɗauka cewa an san wanda ya ba jirgi kaya. Rugujewar OW Bunker ta nuna ba kullum ake sani ba. Kamfanin Denmark ne da ke riƙe da kusan kashi 7 cikin 100 na cinikin man jiragen duniya. Ya shiga kasuwar hannun jari ta Copenhagen a watan Maris na 2014, a watan Nuwamba ya faɗi warwas, bayan da aka bankaɗo asarar kusan dala miliyan 275, wani ɓangare daga wani reshensa na Singafo, wani daga cacar farashin mai. Yawancin aikinsa dillanci ne: mai jirgi ya yi masa oda, shi kuma ya sa wani kamfanin da ke da tanka a tashar ya je ya ɗura. Da ya faɗi, sai masu jirage suka ga hannu biyu a gabansu. Ga wanda ya ɗura man da kansa ba a biya shi ba, yana barazanar kama jirgi. Ga bankin ING da ya jagoranci ba OW rancen dala miliyan 700, an kuma jingina masa duk kuɗin da kamfanin ke bi. Mai ɗaya, an ƙone shi tuni, masu neman kuɗinsa biyu. Kotun Ƙolin Birtaniya a 2016, a shari'ar jirgin Res Cogitans, ta ce mai jirgi ya biya ɓangaren OW da bankinsa. Kotunan Amurka ma galibinsu suka ce haƙƙin na wanda aka yi wa oda ne kai tsaye. Waɗanda suka ja tiyo suka zuba man da hannunsu, da yawansu sai suka koma layin masu bin mataccen kamfani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ana gane darajar wannan amana ne ranar da ta yanke. A 31 ga Agustan 2016 Hanjin, kamfanin Koriya ta Kudu da ke na 7 a duniya wajen dakon kwantena, ya nemi kariyar kotu a Seoul. Nan take tashoshi da masu ja da masu sauke kaya suka ce sai kuɗi hannu. Masu bin bashi suka kama wasu jiragensa, irin su Hanjin Rome a Singafo, sauran kuma suka ƙi kusantar gaɓa don gudun kamu. Jirage da dama suka yi ta shawagi a teku da kayan da aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai dala biliyan 14, ma'aikata suna lissafin sauran ruwan sha da shinkafa. Kayan mutanen da ba su ci bashin kowa ba suka makale makonni, wasu watanni. A Fabrairun 2017 kotu ta rufe kamfanin gaba ɗaya.

Masu kaya dai dukiya suke asara. Ma'aikatan jirgi rayuwarsu ce ke tsayawa. In mai jirgi ya auna ya ga bashin ya fi ƙarfin kuɗin jirgin, sai ya kashe waya. Mutanen ciki ba su da takardar shiga ƙasar, hukumar tasha ba ta yarda a bar jirgi babu kowa ba, su kuma suna tsoron in sun sauka albashin watanni ya bi ruwa. Tun Janairun 2017 dokar ƙwadagon teku ta duniya ta wajabta wa jirage inshorar da za ta biya albashin wata 4 da kuɗin komawa gida in an yi watsi da ma'aikata. Duk da haka, ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya ta ƙirga sama da mutum 3,000 da aka yasar a kan jirage sama da 300 a 2024 kaɗai.

Mafi munin misali shi ne Rhosus. Tsohon jirgi ne mai tutar Moldoba da ya taso daga Batumi ta Jojiya a 2013 da tan 2,750 na sinadarin amoniyam naitret, zai kai Beira ta Mozambik. Ya ratse Beirut, hukuma ta hana shi tashi saboda lalacewarsa da kuɗin tasha da ba a biya ba, masu bin bashi suka samo umarnin kotu a kansa, mai shi ya janye jiki. Kyaftin da wasu ma'aikata suka yi kusan shekara a ciki kafin alƙali ya sallame su. A 2014 aka kwashe kayan zuwa rumbu na 12 a tashar, jirgin ya nutse a inda yake a 2018, kayan kuma suka zauna har ranar 4 ga Agustan 2020 da suka tarwatse, mutum sama da 200 suka mutu. Ba takardar kamu ce ta tayar da wutar ba. Sakacin shekara 6 ne, na hukumomin da suka karɓi jirgi da kayansa suka kasa sayarwa, suka kasa mayarwa, suka kasa lalatawa.

A ganina ƙa'idar kanta daidai take. Sama da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta ruwa suke tafiya, kuma da za a ce kowane jirgi sai ya biya kafin a kwance masa igiya, da kuɗin dako ya hau, da farashin komai ya bi shi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda ya ciyar da baƙon jirgi ya cancanci abin da zai kama. Inda gyara yake shi ne bayan kamu. Kotun da ta iya tsayar da jirgi cikin awoyi bai kamata ta shekara ba ta sayar da shi ba, yana tsatsa, kuɗinsa na zagwanyewa, mutane na yunwa a ciki. A fara sauke ma'aikata a biya su, a ba masu kaya damar kwashe kayansu, sannan manya su zauna rabon abin da ya saura.

Mu ma abin bai bar mu ba, ko da ba mu taɓa ganin teku ba. Atamfa da shadda da ke Kantin Kwari, da kayan gyaran babur da ke kasuwannin Kaduna da Maraɗi, mafi yawansu ta Apapa ko Tin Kan ko Onne ko Kwatano ko Lome suka shigo, a bayan jirgin da wani ya ba mai bashi. Kamun jirgi ba kamun kaya ba ne a doka, amma fitar da kwantena daga jirgin da aka tsare yana cin lauya da lokaci da kuɗi, kuma yawancin takardun inshorar kaya ba sa biyan asarar da jinkiri ya jawo. Saboda haka ɗan kasuwar da zai yi odar kaya daga Sin ko Dubai ko Turkiyya, kada ya tsaya a kan arhar kuɗin dako kawai. Ya tambayi wakilinsa wane kamfani ne zai ɗauko, ya binciki lafiyar kamfanin, ya adana takardar lodinsa, ya kuma karanta abin da inshorarsa ta ɗauka da abin da ta bari kafin kaya su hau ruwa.